Butloda ɗina yana tashi a QEMU amma ya ƙi a laftof: in rubuta shi a faifan ciki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ɗalibi ne ni, ina aji huɗu a sashen kimiyyar kwamfuta. Wata biyu ke nan ina ƙoƙarin haɗa ɗan ƙaramin tsarin sarrafa kwamfuta nawa na kaina, don sha'awa kawai. Na fara da butloda, wato ɗan kod ɗin da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, na rubuta shi a yaren asembili, da manhajar NASM. A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, yana tashi lafiya lau, ya buga "Sannu" a allo, ya ɗauko kanel, wato zuciyar tsarin, daga sekta ta biyu (sekta ɗan yankin faifai ne mai bayit 512). Da na zuba shi a filashi na sa a laftof ɗina, sai baƙin allo, ɗan layin nan yana ta ƙiftawa. Wani a rukuninmu na WhatsApp ya ce laifin filashi ne, in rubuta shi kai tsaye a faifan cikin laftof da dd, umarnin Linux mai zuba bayit kai tsaye a kan faifai, wai bayit 512 ne kacal, ba abin da zai taɓa. Malam, laftof ɗin nan ita kaɗai gare ni, furojet ɗina da hotunan gidanmu duk suna ciki. Hankalina ya ƙi kwanciya. In yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka yi. Rashin kwanciyar hankalin nan naka shi ya cece ka, ka gode wa Allah da ka tambaya kafin ka danna. Zan dawo kan mai shawarar nan, domin ina da magana da shi. Bari mu fara sallamar baƙin allon, wanda ƙaramar matsala ce.

Tunda layin yana ƙiftawa, alama ce mai kyau: BIOS, manhajar cikin injin da ke fara tada shi, ya ga 0x55 0xAA a ƙarshen sektar, ya loda ta a adireshin memori 0x7C00, ya miƙa maka ragama, kai ne ka faɗi a hanya. Dalili kuwa, QEMU ya shagwaɓa ka. SeaBIOS, wato BIOS ɗin da ke cikinsa, yana miƙa maka rajistocin DS da ES (ƙananan ma'ajiyai ne a cikin furosesa) a sifili, memori kuma a share. BIOS na ainihi bai yi maka wannan alkawarin ba. Abu biyu kawai za ka dogara da su: kod ɗinka yana 0x7C00, kuma lambar faifan da aka tashi daga gare shi tana cikin DL. Ko CS ma ba tabbas, wani injin zai shigo da kai ta 0000:7C00, wani ta 07C0:0000. Wuri ɗaya ne a memori, amma ga wanda ya rubuta org 0x7C00 bai saita komai ba, "Sannu" ɗinsa a wata unguwar daban za a je nemanta. Don haka farkon kod ɗinka ya zama haka:

cli
xor ax, ax
mov ds, ax
mov es, ax
mov ss, ax
mov sp, 0x7C00
sti
cld
mov [faifai], dl
jmp 0:gaba

Na biyu, na yi imani akwai mov dl, 0 a kod ɗinka kafin int 0x13, domin haka yawancin darussan intanet suke koyarwa, su kuma da faifan fulofi suke gwaji. Filashi sau da yawa a matsayin babban faifai BIOS yake nuna shi, lambarsa 0x80. Ka yi amfani da abin da aka ba ka a DL, kada ka yi shaci-faɗi. In 0x80 ne, karanta da AH=0x42 ta lambar LBA, wato lambar sekta a jere daga sifili, ya fi maka sauƙi a kan lissafin silinda da kai da sekta. Ka kuma duba tutar CF, alamar kuskure, bayan kowane karatu, in ya gaza ka sake sau uku kafin ka haƙura.

Na uku shi ne wanda ke haukata mutane. Wasu BIOS, idan suka ɗauki filashi a matsayin fulofi, suna zaton akwai BPB, wato filin bayanan tsarin faifan, a farkon sektar, sai su rubuta bayanan faifan a wurin bayan sun loda ta cikin memori. In kod ɗinka ne a wurin, an tattake shi. Ka fara da jmp short da nop, ka bar fili har bayit na 62, sannan kod ya biyo. Wasu kuma ba sa yarda da filashi a matsayin babban faifai sai sun ga jadawalin fatishan, wato jerin ɓangarorin da aka raba faifan, mai shigarwa ɗaya da aka yi wa alamar 0x80. Kada ka manta da sa BH sifili lokacin buga harafi da int 0x10, domin lambar shafi ce.

To, yanzu lura da wani abu: duk cikin waɗannan, babu guda ɗaya da komawa faifan ciki zai gyara maka in kuskuren a DS ne ko DL. BIOS ɗin dai shi ne, rajistocin dai su ne, faifan cikin ma 0x80 ne. Baƙin allon zai biyo ka can, sai dai a wannan karon babu Windows ko Linux da za ka koma ka gyara kod ɗin.

Mu zo kan "bayit 512 ne kacal". Wallahi na gaji da jin wannan magana. Kusan kowane zango sai an kawo mini laftof da ta mutu a kanta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma a duk faɗin faifanka babu bayit 512 da suka kai waɗannan tsada.

Mai shawarar ya taɓa buɗe sektar farko ya ga abin da ke ciki? A faifai mai tsarin MBR, tsohon tsarin raba faifai, bayit 446 na farko ne wurin kod, da ɗan sa hannun faifan da Windows ke gane shi da shi. Daga bayit na 446 zuwa 509, bayit 64 ke nan, jadawalin fatishan ne: shigarwa huɗu, kowace bayit 16, kowace tana faɗin inda fatishan ya fara da yawan sektocinsa. Sai bayit biyu na ƙarshe, 0x55 0xAA. Yanzu duba layin da ke ƙasan fayil ɗinka, wanda kowa ke kwafa ba tare da tunani ba: times 510-($-$$) db 0. Me yake yi? Yana cike duk abin da ya rage da sifili har bayit na 510. Wato daidai kan jadawalin. Kana danna dd, shigarwa huɗun nan sun zama sifili. Fayilolinka suna nan kwance a faifan ba abin da ya same su, amma kamar gari ne da gidaje ke tsaye, takardun filaye kuma sun ƙone: ba wanda ya san inda gidan wani ya fara, inda ya ƙare. Kwamfuta za ta ce maka faifan fanko ne.

Wani zai ce ai tasa laftof ɗin sabuwa ce, GPT, sabon tsarin raba faifai, take amfani da shi, sektar farko MBR na kariya ne kawai. Gaskiya ne, kuma da a ce bayit 512 ɗin ne kawai, da ɓarnar ta zo da sauƙi. Amma kai da bakinka ka ce kanel ɗinka yana sekta ta biyu. Ke nan hoton da za ka zuba ya wuce 512 tun tuni. Sekta ta biyu ita ce LBA 1, kuma a nan kan GPT yake zaune. Daga LBA 2 zuwa 33 jerin fatishan ɗin ne. Kanel mai KB 16 da ɗoriya ya isa ya share su kaf. A faifan MBR mai Linux kuwa, wannan filin da ke bayan sektar farko nan GRUB, butlodan da ke tada Linux, ya saba ajiye babban ɓangarensa.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Masu koyo da yawa suna cike hotonsu ya kai girman fulofi, bayit 1,474,560, don QEMU ya karɓa ba gardama. Fatishan na farko a faifan zamani yakan fara a sekta ta 2048, wato bayit 1,048,576. Yi ragi da kanka: bayit 425,984 ne za su malala cikin fatishan na farko, su bi ta kan farkonsa, inda tsarin fayil yake ajiye bayanan da yake gane kansa da su. A nan an wuce batun takardun filaye, an fara rushe gini.

Shi kuma dd ba ya tambaya. Ba zai ce "ka tabbata?" ba, ba shi da kwandon shara da za ka je ka tono. Ka ba shi izinin sudo, ya yi abin da ka ce cikin ƙiftawar ido, ya ba ka rahoton cewa komai ya tafi daidai. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, bayan an yi ɓarnar kwamfutar takan ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru, saboda kanel na Linux ya riga ya karanta jadawalin yana riƙe da shi a memori. Sai yaro ya koma rukuni ya rubuta "na gwada, lafiya lau". Sai ya kashe ya kunna, sannan ido ya raina fata. Ina zargin haka wannan jita-jitar take yaɗuwa: masu ba da shaidar suna bayarwa kafin su sake kunnawa, bayan sun kunna kuma kunya ta hana su dawowa su gyara maganarsu.

Wani ɗalibi ya taɓa zuwa wurina da irin wannan, saura mako uku ya miƙa furojet. Abin da ya fi ƙona mini rai, dd ɗin bai kashe shi ba. Jadawali kawai ya share, aikin minti ashirin ne da TestDisk, wanda ke bin faifai yana neman farkon kowane fatishan ya sake gina jadawalin. NTFS ma, tsarin fayil na Windows, yana ajiye kwafin sektar tashinsa a ƙarshen fatishan, GPT kuma yana da kwafi na biyu a can ƙarshen faifai wanda gdisk ke iya dawowa da shi. Amma kafin ya iso gare ni ya biya ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Shi kuwa yana ganin "babu faifan tashi", bai tambayi komai ba, ya yi fomat, ya zuba sabuwar Windows da tarin manhajoji a kai, ya karɓi kuɗinsa, har da yi wa yaron albishir cewa ta dawo sabuwa. Abin da muka iya tsamowa bai taka kara ya karya ba. Ba duka masu gyara ne haka ba, na san ƙwararru a cikinsu, amma wanda maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, fomat, ku guje shi. Duk wanda wannan ta riga ta faɗa masa: kada ka rubuta komai a faifan, in kwamfutar tana kunne kada ka kashe sai ka kwashe muhimman fayiloli zuwa wani wuri, in kuma ta mutu ka tashe ta da filashin Linux ka ɗauki hoton faifan gaba ɗaya kafin ka fara gyara.

Shi kuma ɗan'uwanmu na WhatsApp, da ire-irensa masu ba da fatawa a kan kayan mutane, ku ji tsoron Allah. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ka kalli bidiyo biyu, ba ka taɓa buɗe sekta da xxd ba, amma kana cewa yaro ya sa aikinsa na shekara huɗu a ƙarƙashin guduma. In ka yarda da maganarka, fara gwadawa a taka, ka kashe ka kunna, sannan ka zo mu ji. "Ban sani ba" ba ta rage wa kowa daraja.

Ko a filashin ma ka yi hattara, domin harafi ɗaya ne tsakanin sda da sdb, sunayen da Linux ke ba faifai, kuma sunayen suna iya sauyawa daga kunnawa zuwa kunnawa. A laftof mai NVMe faifan ciki nvme0n1 ne, filashin ya zama sda, sai hannu ya saba, ranar da ka zauna a kan tsohuwar kwamfuta, inda sda shi ne faifan ciki, wannan sabo ya kai ka ya baro. Ka buga lsblk kowane lokaci, ka dubi girma, ko ka bi ta /dev/disk/by-id inda sunan filashin yake fitowa ɓaro-ɓaro. In za ka shiga saitin injin ka kashe Secure Boot ko ka kunna CSM, mai kwaikwayon tsohon BIOS, ka fara duba ko BitLocker, makullin faifai na Windows, na aiki, ka rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda, domin sauya waɗannan saituna yana iya sa Windows ta nemi shi.

Ga masu karatu da nasu filashin ko fitowa ba ya yi a jerin tashi: wataƙila injinku ba shi da CSM sam. Tun 2017 Intel ta sanar cewa za ta daina tallafa wa tsohon tsarin BIOS zuwa 2020, kuma sababbin laftof da yawa UEFI zalla ne, tsarin da ya gaji BIOS. A irinsu babu int 0x10, babu 0x7C00, wannan gadon IBM PC na 1981 ya ƙare a wurinsu. Sai dai ka rubuta BOOTX64.EFI ka sa a EFI/BOOT cikin fatishan na FAT, ka gwada da OVMF, wato UEFI na gwaji, a QEMU, ko ka bar wa GRUB aikin tashi ta hanyar Multiboot ka mai da hankali kan kanel. Ni dai ina ganin kowa ya rubuta na bit 16 sau ɗaya a rayuwarsa, don abin da yake koyarwa, amma ba dole ba ne.

Kai kuma ƙanena, yau ɗin nan kafin komai ka kwafi furojet ɗinka da hotunan zuwa wani wuri. In da hali, nemi tsohuwar kwamfuta ta hannu mai araha, ka cire faifanta, ta zama ta gwaji. Ka daina gwada hoton a QEMU a matsayin fulofi kaɗai, ka ba shi a matsayin babban faifai da -drive format=raw, ka kuma gwada a Bochs, wata manhajar irin QEMU. Sannan ka sa kod ɗin ya buga harafi a kowane mataki: A da zarar an shigo, kafin ka taɓa DS, ta hanyar sa harafin kai tsaye a AL, B bayan saita rajistoci, C bayan int 0x13, D kafin tsallakawa kanel. Ka sa filashin, ka ga inda ya tsaya. In ko A bai fito ba, BPB ne ko jadawalin filashin. In ya tsaya a B, DL ne. Rubuto mini harafin da ka gani da abin da ke cikin AH bayan karatun ya gaza, mu ɗora daga nan.