Tanderun Bandar Nama: Me Ya Sa Hayaƙi Ke Dawowa Baya?

Ka ce tanderun banda da ka haɗa wa mahaucin nan na Ƙofar Marusa, mai tanki kwance da akwatin wuta a gefe, hayaƙi na dawowa ta ƙofar wuta, naman da ke kusa ya ƙone, na can ƙarshe kuwa ko gumi bai yi ba. Kana tambaya ko a ƙara girman wutar. A'a, ɗana, wuta ba ta da laifi. Hanyar iska ce ba ka shirya mata ba.

Tukubar mai tsire, wuta ce ke lasar nama ido da ido. Wannan kuwa nama ba ya ganin wuta sam. Iska ce ke shiga ta ƙarƙashin itace, ta ɗauko zafi da hayaƙi, ta ratsa tankin, ta fice ta bututu. Iska mai zafi sama take nema, don haka kowace gaɓa dole ta ɗara ta bayanta tsayi. Dubi naka: ka manna akwatin wuta kafaɗa da kafaɗa da tanki. Yanke shi ka sauke, yadda rufinsa zai tsaya wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayin tankin daga ƙasa, sannan ka buɗe mashiga tsakaninsu mai siffar rabin wata, wadda ta fi bakin bututun hayaƙi faɗi sosai.

Girma kuma da lissafi. Tanki mai tsawon mita ɗaya da rabi da faɗin santimita 60 ya haura lita 400 kaɗan. Akwatin wuta ya zama kusan sulusinsa, wato 50 da 50 da 55. Kaurinsa kada ya gaza milimita 5 ko 6, don nan ne wuta ke cin ƙarfe. Duro mai lita 200 kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da ɗan wani abu ba. Yana banda, amma da iskar hunturu ta buso daga arewa maso gabas sai ya huce kamar faranti, mai shi ya yi ta zuba itace a banza. A cikin akwatin wutar ka sa raga ta rodi mai kauri, santimita 10 sama da ƙasan akwatin, toka ta samu wurin zuba. Kafar shigar iska tana ƙarƙashin ragar nan, da marfi mai zamewa.

Bututunka na inci 3 shi ne rabin matsalar, ga shi ka dasa shi a ƙoƙon tanki. Hayaƙi na bin rufi ya wuce, nama na ƙasa yana kallo. Sa na inci 5 ko 6, tsayi kamar mita ɗaya, a can ƙarshen da ya fi nisa da wuta, kuma bakinsa na ciki ya sauko daidai da ragar nama.

Ƙonewar gefen wuta maganinta farantin ƙarfe mai kauri da za ka kafa a bakin mashigar, ya sunkuyo ƙasa, ya danna zafi ya bi ƙarƙashin ragar nama. Bayansa ka jera wasu faranti uku ko huɗu, amma kada ka yi masu walda. A ajiye su kawai, tazararsu matsattsiya kusa da wuta, tana buɗewa in an yi nisa. Da su za ka daidaita zafi ranar gwaji. Ka huda rami a ƙasan tankin a gefen da bututu yake, ka ɗan karkata tankin can, kitse ya tsiyaye cikin gwangwani. Kitsen rago in ya gangara wajen wuta, gobara ce.

Marfi ma na gani ya buɗe baki. Tanki a ɗaure yake, kana yanka shi yana saki. A na gaba, ka yanka ka bar ɗan maƙale a kusurwoyi huɗu, ka kafa hinji tukuna, sannan ka ƙarasa. Ƙarfen da za ka kewaye bakin marfi da shi, ɗigo-ɗigo za ka yi waldarsa kana tsallakewa. Dogon layi ɗaya zai murɗe shi. Tun da zancen yanka ya zo: tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ko gas ba a kai masa wuta sai an wanke an cika shi da ruwa fal. Wanda ba ka san abin da aka zuba ciki ba, bar wa 'yan gwangwan abinsu. Ƙarfe mai ruwan tutiya, irin na kwanon rufi, hayaƙinsa guba ne, kada ya kusanci wuta.

Gwaji ba da naman mutane ake yi ba. Fara da wuta mai ƙarfi ta awa uku ko huɗu, fenti da mai su ƙone, a kankare, a shafe cikin da man gyaɗa, a sake hurawa. Sai ka jefa ɗanyen ganye a wuta, ka zagaya da alli kana shaida duk inda hayaƙi ya tsirto. Daga nan ka tsayar da zafi tsakanin digiri 110 da 130, da ma'auni a daidai ragar nama, ba a saman marfi ba inda zai yi maka ƙarya. Jera yankan burodi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Inda ya yi baƙi da wuri, matse farantin da ke ƙarƙashi. Inda ya zauna fari, buɗe.

Ka gaya wa mahaucin ya bar bututu a buɗe kullum, da kafar iska ake rage wuta. Hayaƙi siriri mai shuɗi-shuɗi ake so. Fari mai kauri alamar wuta ta shaƙe ce ko itace ɗanye ne, kuma shi ke sa nama ɗaci. Ya fara da gawayi, ya riƙa ɗora busasshen marke ko ƙirya ɗaya-ɗaya. Itacen bedi da na turare da guntun katako mai fenti, kada ya kuskura. In burodi ya yi ja bai ɗaya, gwada da kaji biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, ka ga ko za su nuna tare kafin a kawo rago.