Je ki sha kiɗa, ba sai kin san komai ba

'Yar uwa, kin ce an gayyace ki taron kiɗan biyolin da fiyano na tara kuɗin taimako kina tsoron za ki yi barci, wallahi ki je. Biyolin ai gogen Turawa ne, tsirkiya huɗu gare shi, namu ɗaya. Tunda kin ce akwai sonata (wani dogon kiɗa) ta Debussy, Bafaranshe mai tsara kiɗa, a jerin to kin dace, minti 13 ce haka, ya gama ta a 1917 yana fama da ciwon daji, kuma shi ya kaɗa fiyanon ranar farko a Paris, taron ma na taimakon sojojin da yaƙi ya makantar ne. Kashi uku ce, kar ki tafa a tsakani sai an gama duka, ni na taɓa yi na sha kunya!