Tambaya da Amsa: Bawul ɗin Hita a Tsohuwar Mota

Malam, ina da Caprice ƙirar 1984. An cika mini gas ɗin esi har sau biyu, amma iskar da ke fitowa ɗumi-ɗumi ce. Wani makanike a Sina'iyya, unguwar makanikai, ya ce bawul ɗin hita ne. Ni da nake Jidda, yaushe na taɓa kunna hita? Ba cutata zai yi ba? Mai karatu daga Jidda

Ɗan'uwa, da alama makanikenka gaskiya ya faɗa. Aikin bawul ɗin nan shi ne tare ruwan zafin inji kada ya shiga ƙaramin lagireton da ke ƙarƙashin dashbod. In ya maƙale a buɗe, ruwa mai zafin da ya haura digiri 80 zai yi ta zagayawa ta wurin, esi na hura sanyi, hita na hura zafi. Ka gwada da kanka: bayan inji ya yi zafi, ka mai da maɓallin zuwa sanyi, ka taɓa tiyo biyun da suka shige bangon inji, a hankali. In dukansu na ƙona hannu, ruwa na wucewa. Amma kafin ka sayi komai, a duba siririn tiyon iskan da ke jan bawul ɗin. A irin waɗannan motocin Amurka sau da yawa shi ne ke tsagewa don tsufa, kuma kuɗinsa bai kai na shawarma biyu ba.

An ce in na fasa ƙwai a lagireto yoyon bawul zai tsaya. Daga Madina

Ka soya ƙwanka ka ci. A lagireto ƙwai zai toshe ƙananan hanyoyin ruwa, yoyon kuma ya dawo.

Na sami bawul iri uku: na wakala (dillalin kamfanin motar) mai tsada, na tijari (ƙirar wasu kamfanoni, ba na asali ba) mai araha, da wani na tashlih (kasuwar kayan matattun motoci) ɗin Biraiman a Jidda da aka cire daga irin motata. Wanne zan ɗauka? Daga Makka

Na tashlih dai ka manta da shi. Ƙofa, fitila, madubi, ka saya a can ba laifi. Amma bawul ɗin da ya shekara talatin ko arba'in yana shan ruwan zafi, sannan ya kwanta a rana har robar cikinsa ta bushe, tsaransa ne ka cire daga motarka.

Na tijari kuwa, nan ne raina ke ɓaci. Mutum zai kashe dubban riyal wajen fenti da kujeru, ya zo kan abin da ke riƙe ruwan inji ya tsaya ciniki a kan riyal hamsin. Ba duk tijari ne jabu ba, akwai kamfanonin kirki da ke ƙera kayan tsofaffin motoci tunda wakala ta daina kawo wasu. Sai dai kasuwa ta cika da kwali mai sheƙi da suna irin na asali, ciki kuma roba ce marar nauyi wadda bakinta ke tsagewa da zarar an ɗaure kilif, wato maɗaurin tiyo. Ka ɗauki tsohon naka ka tafi da shi shago. Ka ɗora su a tafin hannu ka ji nauyi, ka duba faɗin baki, ka hura iska ka ga ko yana rufewa ruf. Ka karɓi fatura, wato rasit, da sunan kayan a rubuce. Mai shagon da ya ƙi ba ka fatura, ka fita ka bar masa kayansa.

Ku kuma mutanen Makka kun fi kowa sanin inda irin wannan araha ke fashewa: hawan Hada zuwa Ɗa'if, inji na nishi, iyali cike da mota. Bawul ya tsage, ruwa ya tsiyaye cikin 'yan mintoci, gaskit ya ƙone, wani lokaci kan injin ma ya lanƙwashe. Kuɗin sadaha, motar ɗaukar motocin da suka lalace, kaɗai da za ta sauko da kai ya ninka abin da ka rage. Araha ba ta ado.

Wani abin kuma, ruwan famfo ko na wayit (tankar ruwa) da kuke ɗurawa a lagireto shi ke cinye bawul ɗin tun farko, da tsatsa da gishiri. A zuba ruwan lagireto na gaskiya. In mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa. Ranar canjin bawul a bar inji ya huce sarai kafin a taɓa murfin lagireto, a lura da kibiyar da ke nuna inda ruwa ke bi, a sauya tsofaffin tiyo da kilif gaba ɗaya, sannan a kunna hita har ƙarshe don iskar da ta maƙale ta fita.

Marsandin marigayi maigidana ce, ƙirar 1983. Kwanan nan kafet ɗin gaba na jiƙewa, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi, gilashi na yin hazo. Ina tsoron kada motar ta mutu a hannuna. Hajiya daga Tabuka

Allah ya jiƙan Alhaji, Hajiya, ya ba ku haƙuri. Ki kwantar da hankalinki, wannan mota ba ta mutuwa a kan haka, kuma kin yi daidai da kika lura da wuri. Ruwan inji ne ke yoyo, mafi yawa daga ƙaramin lagireton hita ko bakin tiyonsa. Kafin a gyara, makanike zai iya haɗa tiyo biyun da guntun bututu, ruwa ya daina shiga ciki. Amma a Tabuka, inda dusar ƙanƙara ke sauka a kan dutsen Jabal Lauz, kada ki bari sanyi ya shigo ba ki da hita. A wanke kafet ɗin sosai, domin ruwan nan guba ne, zaƙinsa kuma na jan yara da kyanwa. Kullum da safe, kafin a tayar da mota, wani cikin yaran gida ya duba miki ruwa.