Jita Mai Tsirkiya 12 a Matsayin Kyauta: Wacce Zan Saya da Kuɗi Kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena zai kammala jami'a a bana, ina so in yi masa kyautar da zai daɗe yana jin daɗinta. Ya yi shekaru yana kaɗa jita ta aro, kuma na sha jin yana yabon irin mai tsirkiya 12. Ni ban san komai a kanta ba, kuɗina kuma ba su da yawa. Wacce zan saya, kuma me zan duba don kada a cuce ni? A Kaduna muke.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka da alheri, Ya sa ya kammala lafiya. Abin da ya kwantar mini da hankali a tambayarki shi ne da kika ce ya daɗe yana kaɗawa. Da ɗan koyo ne, da na ce ki saya masa mai tsirkiya 6, domin mai 12 tana wahalar da yatsun sabon shiga har ya jingine ta a bango ya manta da ita. Wanda kan yatsunsa suka riga suka yi kanta kuwa, zai more ta.

Tsirkiyoyin nan 12 bibbiyu aka jera su, wato jeri shida, kuma yatsa ɗaya ke danne biyu a lokaci guda. A jeri huɗu masu kauri, kowace tsirkiya tana da siririyar abokiya da ke ba da sauti iri ɗaya amma a sama, kamar uba da ƙaramin ɗansa suna rera waƙa ɗaya. A jeri biyu na ƙarshe kuwa, tagwayen muryarsu ɗaya ce sak. Daga nan ne wannan amo mai cika ɗaki yake fitowa, wanda ya ja hankalin ƙanenki. Kada kuma ki ji nauyi don za ki sayi mai sauƙin kuɗi. Mawaƙan Amurka da suka fito da sunanta tun a shekarun 1920 da 1930, irin su Lead Belly da Blind Willie McTell, jitar Stella mai araha suka riƙe, saboda ƙararta tana kai wa nesa ba tare da lasifika ba.

Sai dai akwai abu guda da nake so ki riƙe a ranki duk inda kika shiga ciniki: ƙarfin jan tsirkiya. A jita mai tsirkiya 6, jan da tsirkiyoyi ke yi wa katako yakan kai kimanin kilo 70 zuwa 85. A mai 12 ya haura kilo 100, dare da rana, ko ana kaɗawa ko tana ajiye. Jita mai 6 mai araha tana iya yin shekaru tana lallaɓawa da ƙarancin inganci. Mai 12 ba ta rufa wa maƙerinta asiri. In an yi ha'inci a katako ko a gam, cikin ɗan lokaci wuya zai lanƙwashe, fuskar ta kumbura, tsirkiyoyi su ɗaga sama har dannawa ta gagara. A nan ne maganar araha ba ta ado take tabbata. Saboda haka kada ƙyalli da zanen ado su ɗauke miki ido, ginin za ki duba.

Ga yadda za ki duba ko da ba ki taɓa riƙe jita ba. Ki sa mai shago ya saita tsirkiyoyin su ɗaure yadda ake kaɗawa, domin jita mai sakakkun tsirkiyoyi tana ɓoye aibinta. Sannan ki ƙirga ƙarafunan da ke gicciye a wuyanta, daga kai zuwa na 12. A daidai wurin, tazarar da ke tsakanin tsirkiya mafi kauri da saman ƙarfen ya kamata ta zama kusan milimita 2.5. Katin ATM uku a haɗe sun kusa kai wannan kaurin. In guda biyar sun shige ba tare da sun taɓa tsirkiyar ba, ta yi tsayi da yawa. Daga nan ki juya ga mazaunin tsirkiya, wato katakon da aka manna a fuskar jitar inda tsirkiyoyin ke nutsewa. Ki gwada zura gefen takarda a ƙarƙashinsa ta baya. In ta shiga, ya fara ɗagowa, ki ajiye ta ko nawa aka rage miki. Ki shafa tafin hannu a bayan mazaunin: ɗan tudu kaɗan ba laifi ba ne, amma kumburi bayyananne alama ce ta katako ya gaji. Ki kuma tabbatar tana da sandar ƙarfe a cikin wuya wadda ake ɗaurewa ko sassautawa da makulli, ita ce ke ba mai gyara damar miƙe wuyan. A ƙarshe ki murɗa kowane ɗaya daga cikin maɗauran nan 12 na kai. Wanda ke sagwangwan ko yake zamewa zai hana jitar riƙe saiti, kuma saita tsirkiya 12 sau uku a zama ɗaya yana kashe sha'awar kowa.

Wannan binciken ya fi zama dole in ta hannu za ki saya. Ina son kayan gwanjo a jita mai 6, amma a mai 12 ina taka-tsantsan ƙwarai, domin gyaran wuyan da ya karkace daga gindinsa yakan fi kuɗin jitar kanta.

Sai maganar katakon fuska, kuma a nan zamanku a Kaduna ya shigo ciki. Iri biyu ne. Akwai fuskar da aka yi da tsantsar katako, yawanci icen sufurus, wanda ake rubutawa spruce da Turanci, akwai kuma wadda aka manna siraran katako hawa-hawa. Ta farko ta fi zaƙin sauti da zurfi, kuma takan ƙara daɗi in ta kwana biyu ana kaɗa ta. A takardar bayani, in ba ki ga kalmar solid kusa da sunan katakon ba, to mai hawa-hawa ce. Masu sharhi na Turai da Amurka kusan duk tsantsar katako suke cewa a saya. Gaskiyarsu ta fuskar sauti, amma ba su san hunturunmu ba. Jita tana son damshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, alhali a tsakiyar hunturu damshin yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a Arewa. Tsantsar katako yana tsukewa ya tsage a irin wannan bushewa, mai hawa-hawa kuwa ya fi juriya. To ya danganta da halin ƙanenki, ke kika san shi. In mai kula da kaya ne, wanda zai riƙa mayar da ita akwati bayan ya gama, ki saya masa ta tsantsar katako. Ya sa ɗan jiƙaƙƙen soso da aka matse a cikin robar sabulu mai huji, ya ajiye a cikin akwatin daga Nuwamba zuwa Maris, kada dai ruwa ya taɓa katakon. In kuwa mai yawo da jita ne daga wannan ɗaki zuwa wancan, mai hawa-hawa za ta fi daɗewa a hannunsa.

Ta ɓangaren suna, wadda na fi amincewa da ita a cikin masu sauƙin kuɗi ita ce Yamaha FG820-12. Fuskarta tsantsar sufurus ce, ginin cikinta mai ƙwari ne, kuma aikin kamfanin bai cika bambanta daga wannan jita zuwa waccan ba, wanda babban abu ne ga mai sayen da ba zai iya gwada goma ya zaɓi ɗaya ba. Ba ta da wurin jona lasifika. In yana kiɗa a gaban jama'a, Fender CD-60SCE mai tsirkiya 12 tana da na'urar jona lasifika ta kamfanin Fishman a jikinta, haka ma Takamine GD30CE-12 tana da tata, sai dai ta ɗan fi tsada. In kuɗin bai kai nan ba, Epiphone DR-212 mai hawa-hawa ce, ta fi su araha, kuma ba abin kunya ba ce. Taylor 150e tana da laushin dannawa sosai, amma kuɗinta ya ninka na waɗannan, ba na ganin ya kamata ki takura kanki. Abin da nake roƙonki ki guje wa shi ne jita marar suna, ko wadda aka manna wa babban suna a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Ki leƙa cikin ramin fuskar ki ga takardar kamfani da lambar shaida.

Kada ki ƙarar da kuɗin duka a kan jitar. Ki ware wani abu don mai gyara ya daidaita wuya da tsayin tsirkiyoyi, domin wannan ɗan aikin shi ke mayar da jita mai araha ta zama mai daɗin hannu. Ki haɗa masa da saiti biyu na tsirkiya marasa kauri, masu lamba 10 zuwa 47, kamar D'Addario EJ38, don ba kowane shago ke ajiye na mai 12 ba, kuma siririyar da ke jeri na uku, in aka ƙirgo daga ɓangaren sirara, tana yawan tsinkewa. Sai 'yar na'urar saita sauti da ake maƙalawa a kai, da kapo, wato matsin da ake ɗaurawa a wuya, amma ki ce na mai tsirkiya 12 kike so, saboda wuyanta ya fi faɗi. Da kapo a hannu, zai iya sassauta tsirkiyoyin sautin ya sauka da rabin mataki ko mataki guda, yadda masu ita da yawa ke yi, sannan ya matsa kapo ya dawo da sautin daidai. Katako ya samu sauƙi, yatsu ma haka. Ki kuma ja masa kunne kada ya bar ta a cikin motar da ke rana, zafi yana sassauta gam.

In akwai abokinsa da ke kaɗa jita wanda zai riƙe miki sirri, ki tafi da shi shago ya gwada ta. In kuma daga Legas ko ta intanet za a turo miki, ki nemi hoton tazarar tsirkiya a ƙarfe na 12 da hoton mazaunin daga gefe, sannan ku yi yarjejeniya a rubuce cewa za a karɓa a canza in ta iso da matsala, kafin ki tura kuɗi.