Aikin jirgin ruwa da maganar kwalaben giya

Ƙanena, saƙonka ya same ni muna tsaye a tashar Mayami ta Amurka. Ka ce an yi maka tayin aiki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, a sashen tsaro, kuma dillalin ya ce maka mai tsaro ba ruwansa da giya, wannan aikin masu mashaya ne. Ba haka ba ne, kuma gara ka ji tun kana gida.

Giya na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin jirgi, shi ya sa ba sa son fasinja ya shigo da tasa. Kamfanin jiragen Carnival ya yarda wanda ya kai shekara 21 ya riƙo kwalbar giyar inabi ɗaya, mai mililita 750, a jakar hannu, ranar shiga jirgi kawai. In a ɗakin cin abinci zai sha ta, ya biya kuɗin buɗewa. A kamfanin Royal Caribbean ma kwalba ɗaya ce ga kowane baligi. Wiski da biya kam duk sun hana. Wadda mutum ya sayo a gari in jirgi ya yada zango, a bakin ƙofa ake karɓe ta, a ajiye masa sai ƙarshen tafiya.

To wa ke karɓa? Kai ne. Ranar lodi akwatuna dubbai ke bi ta na'urar haska kaya, wanda aka ga alamar kwalba a ciki sai a ware shi a wani ɗaki can ƙasa, a kira mai shi ya buɗe a gabanka. Na ga wiski a robar maganin kurkure baki, na gan shi a robar man wanke gashi, an mayar da murfi tsaf kamar daga kanti. Kai za ka ɗaga, ka girgiza, ka shinshina, ka manna lambar ɗaki, ka kai ma'ajiya. Watannina na farko, wallahi sai na wanke hannu sau uku kafin in yi alwalar la'asar, kuma raina bai kwanta ba. Wannan ka kai shi gaban malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa aikin yadda yake, kada ka rage komai.

Wani fasinjan zai naɗe dala ashirin ya tura maka, ka kau da kai. Don Allah kada ka karɓa. Akwai kyamara ko'ina, ma'aikacin da aka kama a tasha ta gaba ake sauke shi, bizar Amurka ta ma'aikatan jirgi (C1/D) da ya sha wahala a kanta ta tashi a banza.

In zuciyarka ba ta ɗauka ba, akwai sassan da ba ka haɗuwa da kwalba: ɗakin wanki, ɗakin inji, aikin fenti da igiya a saman jirgi. Masu gyaran ɗakuna ma suna kwashe kofuna da ragowar kwalabe, ka sani. Ka zaɓa tun kafin ka sa hannu, domin sauya sashe bayan an shiga teku abu ne mai wuya, kwantiragi kuma yakan kai wata shida zuwa tara, ba hutun mako.

Shi dillalin nan, in ya nemi kuɗin samo maka aiki, ka ja da baya: yarjejeniyar ma'aikatan ruwa ta duniya ta 2006 ta hana a caji ma'aikaci wannan kuɗin. Ka turo mini hoton shafin da aka rubuta sunan muƙamin in duba maka. Ka gaida su Inna.