Amsa: Wace kwalba mai kumfa zan saya wa baƙin Kirsimeti?

'Yar'uwa, kin ce za ki karɓi baƙi Musulmi da Kirista, kina son abin sha mai kumfa wanda kowa zai sha hankali kwance.

Ki fara da duba bayan kwalba, kada kyan gabanta ya ruɗe ki. Shampen na Faransa giya ce, barasarta ta kai kusan kashi 12 cikin ɗari. Irin su Chamdor, Eva da Veleta kuwa ruwan 'ya'yan itace ne aka sa wa gas. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne giyar da aka cire wa barasa, domin akan sami sauran barasa a cikinta har kashi 0.5 cikin ɗari. Ni dai wadda aka rubuta 0.0% nake ɗauka. In kina da shakka kan hukuncinta, malami za ki tambaya.

Jabu kan yi yawa a Disamba, don haka ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki tabbata ba a taɓa murfin ba.

Ki sanyaya sosai kafin buɗewa, kada a girgiza, kada kuma bakin kwalba ya kalli fuskar kowa. Sukarinsu da yawa, mai ciwon suga ya ji ta bakin likitansa tukuna.