Yadda ake ɗaukar fim ɗin zikirin Juma'a a zawiyya

Malam, ka tambayi yadda za ka ɗauki zikirin Tijjaniyya a Bauchi don nazarin halin da masu zikiri ke shiga. Fara da neman izinin muƙaddami, wato jagoran zawiyya, ka zauna Juma'a biyu ko uku ba kyamara, idon mutane ya saba da kai.

Haske ne zai fi ba ka wahala. Hailalar Juma'a, wato zikirin La'ilaha illallahu cikin jama'a, bayan La'asar ake yi zuwa Magariba, rana tana faɗuwa hoto yana dushewa, to ka ɗauki fuskoki tun da wuri. Kada ka kunna fitila a idon mai zikiri, yanke masa halarar zuciya kake yi.

Sauti kuma, nisanta makirfo daga lasifika, in ba haka ba murya za ta fashe. Ajiye shi ƙasa kusa da da'ira, ka kama numfashi da motsin carbi.

A wazifa, wato zikirin da ake yi kullum, ana shimfiɗa farin ƙyalle kafin a karanta salatin Jauharatul Kamali sau 12. Kada ka taka shi, kada ka tsallaka, kuma ka shiga da alwala.

Wanda hawaye ya zubo masa, nemi yardarsa kafin ka sa fuskarsa. Hirar abin da ya ji a zuci, bari sai washegari.